Gem ɗin auna bugun zuciyar ɗana ya tona mana asiri ni da babansa

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ki yi haƙuri da tsawon saƙon nan, na daɗe ina rubutawa ina gogewa yau dai na ce bari in turo, kuma ki taimaka ki ɓoye sunana.

Ina da yaro ɗan shekara 9, shi ne babba. Tun bara na lura ya canja, abu kaɗan sai fushi ya yi jifa da duk abin da ke hannunsa, da safe in za a tafi makaranta sai ciwon ciki, ga cin farce har sai ya fidda jini. Sau biyu muna zuwa asibiti ana cewa cikin lafiya lau, a na biyun ne likitar ta ce min damuwa ce, wai yara ma suna damuwa sai dai bakinsu bai iya faɗa ba sai jiki ya faɗa. Wlh sai na ji wani iri, ni a nawa tunanin me ɗan shekara 9 ya sani a duniya da har zai dame shi.

Ƙanwata ce ta kawo mana wani gem. Akwai wani abu kamar agogo da ake ɗaura wa yaro a dantse, a ƙasansa akwai 'yar koriyar wuta da take haska fata tana ƙirga bugun zuciya, sai ya tura wa waya. Yaro na cikin wasa in ya fara hasala zuciyar ta hau, sai gem ɗin ya ƙara wuya sikirin ya koma ja, kuma ba zai dawo daidai ba sai ya tsaya ya ja numfashi a hankali ya sake shi a hankali har lambar ta sauko. Bayofidbak suke ce masa, wato ana nuna maka abin da jikinka ke yi a fili kana kallo kana gyarawa da kanka.

Ni kuma ba na ɗaura wa ɗana abu haka kawai, sai da na zauna na yi ta karatu a intanet. Na ga a asibitin yara na Boston a Amurka sun yi wani mai suna RAGE Control wanda in zuciyarka ta hau jirginka ya daina harbin gaske, daga aikinsu ne wani gem ɗin yara mai suna Mightier ya fito. A Holan kuma 'yan jami'ar Radboud sun gwada MindLight, shi a kai ake saka shi yana auna aikin ƙwaƙwalwa, a cikin gem ɗin wani yaro ne a gidan kakarsa mai duhu da fitila a kansa, in ka nutsu fitilar ta ƙara haske. Amma a binciken da suka fitar a 2016 yaran da suka yi shi da waɗanda suka yi wani gem na yau da kullum duk fargabarsu ta ragu kusan daidai, wannan ya ɗan sanyaya min gwiwa gaskiya. Namu ba ko ɗaya daga cikinsu ba ne, mai kama da su ne dai, na ce a gwada tunda ba magani ba ne da za a sha.

Kuma ba zan yi masa ƙarya ba ya yi amfani. Wajen sati na uku ƙanwarsa ta yaga masa littafin zane, ina jiran in ji ihu sai na gan shi ya runtse ido yana jan numfashi, har na juya na share hawaye.

Sai kuma ya zo ya maƙale wa lambar. Ba ya son a cire abin, kullum Mama nawa take yanzu, in ya ga ta haura 100 sai ya tsorata tsoron kuma ya ƙara hau da ita. Na yi ta masa bayani yaro sa'ansa ko a zaune yake tana iya kaiwa 100 har ta ɗan wuce ba komai, gudu na ɗaga ta, dariya ma haka, zazzaɓi ma haka, abin bai san bambancin murna da tsoro ba bugu kawai yake ƙirgawa. Wannan dai ina lallaɓawa, na rage masa zuwa minti 20 a rana.

Abin da ya hana ni barci daban ne Anti. Ni da babansu mun fi shekara ba ma jituwa, ba duka ba zagi amma akwai ɗaga murya, kuma ba zan ɗora masa shi kaɗai ba ni ma bakina ba ya shiru. Muna rufe ƙofar ɗaki mu ɗauka yara ba sa ji. Ran nan da daddare muka yi wata 'yar hayaniya, shi yana falo da abin a dantse, washegari ina duba manhajar don tana ajiye komai da lokacinsa, sai na ga wajen 8:40 lambar ta tashi daga 88 ta kai 126 ta tsaya a sama kusan minti 20, alhali ya ma dakatar da wasan a lokacin, zaune kawai yake. Jikina ya yi sanyi. Na koma baya na ga irin haka har dare uku, kuma duk ukun na tuna abin da ya faru a cikinsu. Kuma duk ranakun nan da muka fito ya nuna kamar bai ji komai ba har da murmushinsa.

Tun daga ranar in na gan shi yana jan numfashin nan sai zuciyata ta karye, ina ganin kamar mun kunna wuta a gida ne muna koya masa yadda zai jure hayaƙi.

To Anti in nuna wa babansa ne? Na san halinsa, zai iya cewa na saka masa ɗan leƙen asiri a gida ko ina fakewa da yaro don in ci galaba a kansa, kuma zai iya kama ni da maganar da ni da bakina na faɗa cewa abin bai san tsoro da murna ba. Ko ni ce nake karanta abin da babu? Na taɓa kawo maganar mu kai shi wajen masu duba halayyar yara ya ce shi ɗansa ba mahaukaci ba ne, daga nan ban sake tayarwa ba. Sannan gem ɗin in bar masa ko in ɗauke, tunda ga amfani ga kuma wannan maƙalewar da ya yi wa lamba, ina tsoron in ɗauke ya ga kamar hukunci ne.

Shi yaron ban tambaye shi komai ba har yanzu, ban san ta inda zan fara ba kar in ɗora masa nauyin da ba nasa ba ko ya ga kamar ina so ya zaɓi ɓangare. Dan Allah ki faɗa min wa zan fara yi wa magana, uban ko ɗan, kuma da wane irin lafazi, in da hali ma ki rubuta min kalmomin da zan buɗe da su don ni in na fara sai murya ta tashi.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Taki,
Maman yara biyu