Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Malam Shehu Dikko: a ina za a samo magajiyar Tobi Amusan?

Zuwa ga Shugaban Hukumar Wasanni ta Ƙasa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamar wasannin motsa jiki ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati a nan Arewa. Tun da Shugaba Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni a watan Oktoban 2024 ya danƙa maka wannan hukuma nake ta saƙa da warwara a kan rubuto maka. Kowa ya san ka a harkar ƙwallon ƙafa. Ni kuwa maganar gudu na zo da ita, gudun tsallake shinge na mata.

Ranar 24 ga Yulin 2022, a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya a birnin Eugene na Amurka, mu nan dare ya riga ya tsala, ina zaune da waya a hannu Tobi Amusan ta gama mita 100 na tsallake shinge cikin daƙiƙa 12.12 a zagayen kusa da na ƙarshe. Ta goge tarihin duniya na 12.20 da Ba'amurkiya Kendra Harrison ta kafa a 2016. Kafin asuba ta sake fitowa zagayen ƙarshe ta yi 12.06, sai dai ba a rubuta shi a matsayin tarihi ba, don iskar da ke bayanta ta wuce mita 2 a daƙiƙa da doka ta yarda. Zinaren dai ya zo hannunta, na farko da wani ɗan Najeriya ya taɓa ci a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya. Da aka sa taken ƙasa ta fashe da kuka a kan dandamali, ni ma ban san lokacin da na jiƙa gefen mayafina ba.

Wanda bai taɓa koyar da wannan gudu ba zai ɗauka ƙarfin ƙafa ne kawai. Shinge goma ne, kowanne tsayinsa ya kusa santimita 84. Daga layin tashi zuwa na farko mita 13, tsakanin kowane biyu mita 8 da rabi, kuma taku uku kacal ake yi a tsakani. In taku ɗaya ya gaza da tsawon ɗan yatsa, gwiwa ta daki katako, shi ke nan an yi asarar shekara guda ta atisaye. Shi ya sa sai an fara tun ƙashi yana ɗanye, a hannun wanda ya san aikin.

To a ina aka gina Tobi? A Ijebu Ode ta jihar Ogun aka haife ta a 1997, iyayenta duka malaman makaranta. Ita da bakinta ta faɗa cewa mahaifinta bai so wannan harka ba, har ya taɓa ƙona mata kayan atisaye, mahaifiyarta ce ke rufa mata asiri tana zuwa fili. Gasar matasan Afirka da aka yi a Warri a 2013 ta fito da ita, a 2015 kuma ta ci zinare a wasannin Afirka a Brazzaville. Daga nan sai jami'ar Texas da ke El Paso ta ba ta gurbin karatu a 2016, ta faɗa hannun Lacena Golding-Clarke, 'yar Jamaika da ita ma tsallake shinge ta yi a zamaninta. Can aka gyara mata taku. Ta ci zinaren ƙasashe rainon Ingila a 2018, sannan ta sha ɗacin zama ta huɗu har sau biyu, a gasar duniya ta Doha a 2019 da kuma Olamfik ɗin Tokyo. Ga mai gudu babu matsayin da ya kai na huɗu ciwo, ga lamba kana gani amma ba taka ba. Ba ta karaya ba. A 2021 ta lashe kofin Diamond League, jerin gasannin manyan 'yan guje-guje da tsalle-tsalle na duniya da ake yi kowace shekara, da 12.42, ta karya tarihin Afirka na Glory Alozie, ta kuma maimaita cin kofin a 2022 da 2023.

Gaskiyar da nake so mu faɗa wa kanmu, ranka ya daɗe, ita ce mu muka haifa, wasu suka yi raino, sannan muka fito da ganga ranar biki.

Bari in kai ka filinmu. Ba mu da shinge ko ɗaya. Lokacin gasar wasannin gidaje na makaranta, bencinan aji muke fitarwa mu jera a kan burji, ko mu kafa sanduna mu gitta kara a kai. Shekaru kaɗan da suka wuce na samu wata yarinya a aji biyu na ƙaramar sakandare, doguwa, siririya, ba ta da yawan magana. Ba wanda ya koya mata, amma tana zuwa benci sai ta miƙe ƙafar gaba ta kwantar da ta baya, ta sauka tana ci gaba da gudu kamar ba ta tsallake komai ba. Na tsaya da usur a baki na kasa hurawa. Wata rana ƙafarta ta kama benci, shi kuwa benci ba ya faɗuwa kamar shingen gaske, ta tashi da ƙauri a fashe. Washegari mahaifinta ya aiko cewa a cire ta daga wasanni. Na je gidan da kaina, ya karɓe ni da mutunci, ya yi mini tambayoyi uku: wa zai koya mata, namiji ko mace, wace irin sutura za ta sa, kuma in an tafi gasa a wani gari wa zai kula da ita. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Ni ce ban da amsa.

Amsar tana hannunku. Ku horar da mata masu koyar da gudu, ko daga cikinmu malaman makaranta ne, don a nan yankin uba zai fi sakin jiki in ya san mace ce ke riƙe da 'yarsa. Ku bayyana wa iyaye ƙarara cewa dokar gudu ba ta hana dogon wando da ɗankwali ba, ga 'yan ƙasashen Musulmi nan suna gudu da hijabinsu a manyan gasanni. Ku haɗa kai da gwamnatocin jihohi a kai shingaye na gaske, masu faɗuwa in an taɓa, ko da saiti ɗaya ne a kowace shiyyar ilimi. Masu walda na garuruwanmu za su iya ƙera su in an ba su awo. A kuma dawo da gasar makarantu mai ɗorewa kowace shekara, daga ƙaramar hukuma zuwa jiha, ba sai an ji gasar ƙasa ta matso a kwaso yara a mota ba.

Sai kuma waɗanda suka riga suka kai. A Olamfik ɗin Tokyo an hana 'yan wasanmu goma shiga gasa saboda ba a yi musu adadin gwajin ƙwayoyi da ake buƙata ba. Ɗaya daga cikinsu, Annette Echikunwoke, ta koma wa Amurka ta ci mata azurfa a Olamfik ɗin Paris a 2024, gasar da mu muka dawo hannu rabbana, kuma a can ne aka kasa sa sunan Favour Ofili a tseren mita 100 bayan ta cancanta. Glory Alozie ma, da ta ci mana azurfa a Olamfik ɗin Sydney a 2000, Sifaniya ta koma. Tobi ba ta tafi ba. An tuhume ta a 2023 da rashin bayyana inda take ga masu gwaji, aka wanke ta, kotun wasanni ta duniya ta tabbatar da hakan a 2024. Ta kasa kaiwa zagayen ƙarshe a Paris, mutane suka fara cewa ta ƙare, sai ga ta a gasar duniya ta Tokyo a Satumbar 2025 da azurfa a 12.29, lamba ɗaya tilo da Najeriya ta samo a gasar. Amma shekarun mai gudu ƙidayayyu ne, kuma ba za ta dawwama a fili ba.

Ita yarinyar tawa ta gama makaranta, ba ta sake gudu ba. Bana kuma akwai wasu biyu a aji ɗaya da nake sa wa ido, kuma har yanzu benci nake jera musu. In ka turo wakili, zan nuna masa su.

Na gode, Allah ya yi jagora.

Taka,
Malamar wasannin motsa jiki