Fatu goma da akwatin littattafai

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, wasiƙarka ta iso. Na ji kukanka cewa garin da aka tura ka koyarwa sabon zama ne, ko shagon littafi babu, kana jiran ranar da hukuma za ta gina muku ɗakin karatu. Jiran nan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

A 1803 akwai wani ƙauye mai suna Ames a jihar Ohio ta Amurka, 'yan gidaje kaɗan a tsakiyar kurmi. Mutanen sun taru don shawarar gyaran hanya, sai zancen littattafai ya taso. Kuɗi ba su da shi, amma dajinsu cike yake da rakun, wata 'yar dabba mai zobba baƙaƙe a wutsiya wadda fatarta ke da daraja a birane. Suka shiga farauta, suka tara fatu, wani cikinsu mai suna Samuel Brown ya kai su har Boston. Abin da aka samu ya kama dala 73 da santi 50, aka sayo littafi 51 da shi. A 1804 suka iso, aka ajiye su a gidan Ephraim Cutler, shi ke ba da aro.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani yaro ne, Thomas Ewing, da ya kawo fatu goma. Ba a raina abin hannunsa ba, aka karɓa. Daga baya ya zama sanata, har ya riƙe baitulmalin ƙasar.

To, ka fara da mai gari da liman, su kira maka iyaye bayan sallar Juma'a. Mai kwanon gero ya kawo, mai kaza ya kawo. Yara ma ka karɓi nasu komai ƙanƙantarsa, don wanda ya zuba guminsa ba ya yaga shafi. Ka nemi akwatin ƙarfe saboda gara, da littafin rubuta sunan mai aro. Kuɗin kuwa kada ya kwana a hannunka, a damƙa wa dattijon da kowa ya yarda da shi.

Na ware littattafai goma sha biyu daga nawa, direba zai kawo maka ranar kasuwa. Mahaifiyarka na gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka