Kafin A Ɗora Wa Ƙaramin Jirgin Ruwa Nauyi Da Sunan Wasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wata sha'awa da ta fara shiga zukatan samarinmu masu hali, wato sayen ƙaramin jirgin ruwa na hannu domin wasan zamiya a kan allo, wanda Turawa ke kira wekbod. Ni makanikin inji ne, na shekara fiye da 30 ina wannan sana'a a Zariya, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan ƙanwata, wanda ya koyi wasan lokacin da yake karatu a ƙasar waje, ya dawo gida da niyyar mallakar irin wannan jirgi, har ya roƙe ni in raka shi Legas mu duba wani da aka yi masa tallarsa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, mutum ne yake tsayawa a kan allo, ƙafafunsa a ɗaure cikin takalma, yana riƙe da igiya mai tsawon kamar mita 20, jirgi yana jan sa da gudun da bai cika wuce kilomita 30 zuwa 38 a awa ba. Jirgin yana barin kunyar ruwa biyu a bayansa kamar yadda garma ke yi a gona, kuma a kan wannan kunya mai wasa yake hawa ya yi tsalle. Gwargwadon tudun kunyar, gwargwadon tsallen. Wasan ya bunƙasa a Amurka cikin shekarun 1980, kuma a nan ne matsalar take, domin tsofaffin jiragen da ake samu da araha, irin su Ski Nautique da MasterCraft na da, an ƙera su ne domin wani wasan daban wanda ke son ruwa ya kwanta lumui. Ƙarƙashinsu shimfiɗaɗɗe ne, injinsu yana tsakiya, gefensu kuma gajere ne ƙwarai. Wanda ya sayi irinsu yana son kunya mai tudu, dole ya danne jirgin da nauyi domin ya ƙara nitsewa.

Jirgin da muka je gani bai kai mita 6 ba, fentinsa yana ƙyalli, kujerunsa sababbi. Yaron nan yana ganinsa ya ce, "Kawu, wannan ai ba sai an duba ba." Na cire takalmina na taka daɓen kusa da injin, sai na ji yana lotsawa a ƙarƙashin ƙafata kamar katifa. Da na ɗaga kafet na soka sukudireba a jikin katakon da injin yake zaune a kai, ta shige ba wata gardama, ta fito da baƙin gari mai danshi. Yawancin tsofaffin jiragen nan ƙashin bayansu katako ne da aka lulluɓe da faiba, in ruwa ya samu kafa ya shiga, sai katakon ya ruɓe daga ciki alhali waje yana sheƙi. Na zaro sandar gwajin baƙin mai, na tarar ya yi kalar shayi da madara, alamar ruwa yana haɗuwa da mai. Jirgin da ya fito daga ƙasar sanyi, in ba a tsiyaye ruwan injinsa kafin hunturu ba, ruwan yakan daskare ya tsaga bulok, wato gangar jikin injin. Mai sayarwa ya so ya tayar mana da injin a kan tirela mu ji ƙara mu biya, na ce sai dai a cikin ruwa, domin waɗannan injuna ba su da lagireto, ruwan tafkin suke zuƙa da ƙaramin famfo mai farfelar roba, wadda ke ƙonewa nan take in ta juya a bushe. Ya ƙi, mu kuma muka kama hanya.

A hanyarmu ta dawowa ne na ji abin da ya fi tayar mini da hankali. Ya ce in ya samu jirgi zai loda masa buhunan yashi da bulo, wataƙila har da guntayen ƙarfe, tunda jakunkunan ruwa da ake sayarwa domin wannan aiki suna da tsada. Ina kira ga duk mai wannan tunani ya saurara. Ƙananan jirage da aka ƙera a Amurka suna zuwa da ɗan faranti a manne kusa da sitiyari, wanda ke nuna yawan mutane da iyakar nauyin da jirgin zai ɗauka, kuma ruwa bai san bambanci tsakanin nauyin mutum da nauyin yashi ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka wanda ya zuba lita 400 a jakunkuna tamkar ya ɗauki ƙarti shida ne, kuma wajibi ne ya cire su daga adadin abokan da zai hau da su. Fifikon jakar ruwa a kan yashi da ƙarfe shi ne ana iya zubar da ita da famfo in iska ta taso, kuma ko jirgi ya cika da ruwa ba ta jan sa ƙasa, alhali bulo da ƙarfe kai tsaye za su nufi ƙasan tafki da shi. Sannan a raba nauyin gaba da baya, hagu da dama, a fara da kaɗan ana ƙarawa, domin in aka tara shi a baya jirgin zai ɗaga hanci ya rufe wa direba gani, ya kuma galabaitar da inji har sai an canja masa farfela. Jirgin da aka danne, in direba ya saki totur farat ɗaya ko ya juyo da gudu domin ɗauko wanda ya faɗi, kunyar da shi kansa ya tayar ita ce za ta hau shi ta cika masa ciki.

Mu a Arewa ba baƙi ba ne ga abin da lodi ke yi wa jirgi. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, Allah Ya ji ƙansu. Waɗancan bayin Allah larura ce ta hau da su. Ba na son in ga ranar da za a ce ɗan wani ya tafi ta wannan hanya saboda nishaɗi.

Akwai kuma tambayar inda za a yi wasan. Yaron yana hangen madatsar ruwa ta Zariya da ke kan kogin Galma, na tuna masa cewa ruwan sha ne na gari, kuma akwai masunta da ke neman abinci a cikin kwalekwalen da ƙaramar kunya ta isa ta kifar da shi, ga manoman rani da injinan ban ruwansu a gaɓa. Da rani ruwa yana ja baya, shi kuwa irin wannan jirgi farfelarsa da sandarta a ƙarƙashin ciki suke, ba a iya ɗaga su kamar na injin da ake rataya wa kwalekwale, kututture ɗaya ya isa ya lanƙwasa su.

Ina roƙon Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, tare da hukumomin da ke kula da madatsun ruwa a Jihar Kaduna, su fito su bayyana wa jama'a da Hausa inda aka yarda a saka jirgin wasa da inda aka hana, da yadda ake yi masa rajista, su kuma wajabta rigar ceto ga kowa, da mutum na biyu da zai zauna yana kallon wanda ake ja. Shi kuwa ɗan ƙanwata, mun yi da shi cewa ba zai biya ko kwabo ba sai na shiga jirgin da kaina a cikin ruwa, na kuma karanta farantin nan da idona.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani makaniki daga Tudun Wada, Zariya.