Gansakuka a Tankin Murjani: A Fara Rage Mata Abinci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in yi magana da 'yan'uwana masu kiwon kifin teku da murjani (wata halittar teku mai rai da ke kama da dutse) a tankin gilashi, musamman sababbin shiga.

Shekara huɗu ke nan ina da tanki mai cin lita 200. A wata na biyar wata koriyar gansakuka mai kama da gashi ta lulluɓe duwatsun, har ta hau kan murjanin tana tare masa haske. Da na nemi shawara, kwalbar magani aka miƙo mini. Na zuba, ta lafa kwana goma, ta dawo fiye da da.

Ashe ni nake ciyar da ita. Haske take buƙata da sinadarai biyu, nitret da fosfet, waɗanda ke fitowa daga ragowar abinci da kashin kifi. Ni kuwa sau uku nake zuba abinci a rana, fitila na kunne awa 12, kuma da ruwan famfo nake haɗa gishirin, alhali shi ma yakan zo da nasa fosfet. Sai na koma ruwan da aka tace da na'urar RO, mai cire sinadaran da suka narke a ruwa, na rage abinci zuwa abin da kifayen za su cinye cikin minti biyu, na mayar da fitila awa 8, ina sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako.

Sauran aikin na hannu ne, kuma akwai gajiya. Ina tsige ta da yatsu, ina goge dutsen da buroshin haƙori, tiyo na kusa yana zuƙe duk abin da ya ɓalle, domin wanda ya tsere ruɓewa zai yi ya zama taki. Dodon koɗin teku da na saka sun taimaka, amma doguwar ba sa kula ta sai na gajarta musu. Wata uku aka yi kafin na sake ganin launin duwatsuna.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zuba duk maganin da suka samu. Murjani kansa yana ɗauke da ƙananan gansakuka a cikin jikinsa, su ne ke samar masa da yawancin abincinsa, don haka maganin kashe gansakuka yana iya cutar da shi. Ko nitret da fosfet ɗin nan, idan aka shafe su ƙaƙaf daga ruwan, murjanin koɗewa yake yi. Maganin da ke da jan ƙarfe kuwa kashe murjani da dodon koɗi yake yi.

Don Allah kada a zubar da abin da aka tsige a teku. A 1984 aka fara ganin wata gansakukar tanki mai suna Caulerpa a gaɓar tekun ƙasar Monako da ke kudancin Turai, daga nan ta bazu a Bahar Rum tana danne ciyawar teku. Nawa nakan shanya shi ya bushe ƙayau, in ƙulle a leda in jefa a shara.

Na gode.

Naku,
Wani mai kiwon murjani