Wasiƙa daga Gothenburg: gidan Gunnebo

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Ya aiki, ya jama'a? Mu nan sai godiya.

Da yake katako sana'arka ce, akwai wani tsohon gida a nan Suwidin da ya kamata ka ji labarinsa. Sunansa Gunnebo, yana Mölndal, kudu da Gothenburg kaɗan. Daga nesa sai ka rantse ginin dutse ne, alhali gungumen itace aka jera, aka lulluɓe da katako, aka bi da fenti. Wani attajiri, John Hall, mai fataucin ƙarfe da katako, shi ya sa aka gina masa don hutun lokacin zafi. Carl Wilhelm Carlberg ne ya zana komai, har kujeru da lambu, aka gama a 1796.

Arzikin bai daɗe ba. John Hall ya rasu a 1802, ɗansa ya karye a 1807, aka yi gwanjon kayan ɗaki, gida ya lalace ya yi ta sauya hannu. Sai a 1949 hukumar garin Mölndal ta saye shi ta gyara.

Abin da ya cece shi takarda ce. Zanen Carlberg sama da 200 sun tsira, shi ya sa daga shekarun 1990 aka iya mayar da gine-ginen da suka ɓace, irin su gidan barori da lambun kayan miya. Daga baya aka ɗaga ɗakin da ake ɓoye itatuwan lemu idan sanyi ya sauka. Kuma da hannu ake aikin, aminina! Gungume da gatari ake sassaƙe shi, idan ka shafa za ka ji sawun kaifin a tafinka, kowane sara da nasa zurfi. Inji zai gama da wuri, sun sani, amma sun zaɓi jinkirin don matasa su tsaya kusa da gwanaye su koya. Wannan ya fi ginin kansa burge ni.

Don Allah tsofaffin ƙyauren nan da ake kawo maka gyara, ka riƙa auna su kana zanawa a littafi kafin ka taɓa su. Ka sa yaran shago su ma su zana.

Ka gaida Hajiya da yara. Ina jiran amsarka.

Naka,
Amininka