Wasiƙa zuwa ga Habu, daga Alƙahira

Assalamu alaikum. Habu, ya gida, ya jikin Inna? Ni lafiya lau nake. Sanyi ne ya shigo, na ɗan yi mura kwana biyu, ta wuce. Kar ka gaya mata.

Na turo naira 40,000 ta hannun Kawu Isa. 25,000 na malamin lesin ne, 15,000 na maganin Inna. Na malamin lesin na ce, ba na data ba. Labari ya iso ni cewa ana ganinka a gidan kallon ƙwallo lokacin da ya kamata kana gaban allo. Kar ka tambaye ni wa ya faɗa.

Na ga hoton takardar gwajin da ka turo, inda malam ya zabga maka jan biro a tambayar domen. Abin da ake nema kawai shi ne lambobin da za ka sa a gurbin x lissafin ya yiwu. Dokokin biyu ne: ba a rabawa da sifili, kuma abin da ke ƙarƙashin alamar √ ba ya gaza sifili. In an ba ka 1/(x − 3), kowace lamba ta shiga ban da 3. In √(x − 2) ne, x ya fara daga 2 ya yi sama. Inda ka zame shi ne 1/√(x − 2). Ka rubuta x ≥ 2, ka manta wannan karon alamar a ƙasa take, in x ya zama 2 ƙasan ya koma sifili. Amsar x > 2 ce. Ɗan layin nan da ka ƙara shi ya cinye maka makin.

Yi min √(x + 1)/(x − 4) ka turo kafin Juma'a, da hannunka, ba na abokinka ba.

Yanzu na taso daga gidan abincin da nake taimakawa, ƙafafu sai a hankali, amma alhamdulillahi. Da ina gida da ni zan zaunar da kai a tabarmar zaure, yadda na koya maka jadawalin sau. Na san na bar ka da ɗawainiya mai yawa. Amma ni da fitilar ƙwai na ci lissafi a WAEC, kai kuwa har waya gare ka.

Ka kai wa malam kuɗinsa hannu da hannu, ka sa ya kira ni. Ka gaishe da Inna da su Yaya Binta.

Yayanka,
Nura