Ashe ba basir ba ne

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya sanyin Jos? Kin yi shiru kamar an aiki bawa garinsu, amma na yafe miki, don yau bakina cike yake da labari.

Autarmu ce. Cikinta na wata 5 ta fara ganin jini in ta zaga. Kin san ta da kunya, ga cikin fari, sai da ta yi sati 3 kafin ta raɗa min a kunne. Inna ta ce basir ne, wace mai ciki ce ba ta yi shi ba? Har an sayo jiƙo wajen masu lasifika. Ni ma haka na ɗauka, tunda ƙwayar ƙarin jini tana taurara bayan gida. Sai dai nata jinin gauraye yake da majina, ga murɗar ciki, ga yarinya sai ɗashewa take yi.

Likitar da muka samu, Allah Ya saka mata da alheri. Ta duba, babu basir, babu tsagewa. Gwajin bayan gida sau 2 bai nuna atuni ba. Ta ce mai ciki ma tana iya samun gyambon hanji, ko tsiro, har sankara, kuma a kan makara saboda kowa na cewa basir ne. Jin sankara, gwiwata ta yi sanyi. Ta ce a leƙa ƙasan hanji da siririn bututu mai kyamara, tana kwance ta gefen hagu, kuma watannin tsakiyar goyon ciki ne lokacin da ya fi dacewa a yi. Maigidanta ya tubure, sai da Yaya ya zaunar da shi.

Af, kin ji an sa ranar 'yar maƙwabtanku na Gwammaja? Anko ya fito, atamfa kuwa a Kwari sai wane da wane. Kar ki ce min ba ki sani ba, ke da ba a riga ki jin labari.

To, aka ɗan tsinko naman hanjin aka auna. Ƙwan tsargiya! Ni da na san tsargiya fitsarin jini ce ta yara maza masu wankan kududdufi, ashe akwai ta hanji. Kin tuna wankin da take yi a magudanar ruwan Kura in mun je wajen Gwaggo? Ta fata ƙwayar cutar ke shiga. An ba ta maganin tsargiya, praziquantel, daidai nauyinta, likita ta ce masu ciki ma suna sha. Jinin ya tsaya, alhamdulillahi, jiya har tuwo ta nema da kanta.

Ki sa ta a addu'a, bayan Babbar Sallah za ta sauka. Ki gaida maigida, ki kuma turo kuɗin ankonki.

Taki har kullum.